Yumɓu ko bulo da roba: wanne ya fi koyar da girgizar ƙasa?

Malama, kin tambaya ko da yumɓu za ki nuna wa 'yan SS1 yadda girgizar ƙasa take aukuwa, ko da bulo da roba. Na gwada duka biyun a aji, kuma ba abu ɗaya suke koyarwa ba.

Yumɓu siffa yake nunawa. Ki jera launi uku, wani kan wani, ki yanka a karkace. In kika ja gefunan suka rabu, ɗaya ya zame ƙasa, kin nuna yadda ƙasa take buɗewa a Habasha da Kenya. In kika matsa ɗaya ya hau ɗaya, irin girgizar duwatsun Atlas ke nan, wadda ta afka wa Maroko a Satumbar 2023. In kika goga su gefe da gefe, tsagar ƙasa ta San Andreas ce, a Kalifoniya ta Amurka. Don zanen jarrabawa, ya wadatar. Sai dai yumɓu salin-alin yake zamewa, yaro ya tashi bai ga girgizar ba.

Bulo kuwa dalilin yake nunawa, shi ya sa na fi son sa. Ki samo samfefa wajen kafinta, ki manna a kan katako, ki ɗora bulon, ki ɗaura masa roba, ki aza kofin ruwa a kai. Yaro ya riƙa ja a hankali. Robar tana ta miƙewa, bulon ko gezau. Can sai ya zabura gaba, ruwan ya fantsama, aji ya ɗauki ihu. A nan ne za ki ce musu farantan ƙasa, wato manyan ɓangarorin ɓawon duniya, da suka haɗu a Kalifoniya kamar santimita 5 suke gusawa a shekara, amma bakin tsagar a cije yake, ƙarfi yana taruwa shekara da shekaru. Da ya kuɓuce a San Faransisko a 1906, wasu wuraren ƙasa ta goce kusan mita 6, shingayen gonaki suka rabe biyu.

Ki sa su canki lokacin da bulon zai zabura. Wani sa'in ya yi ɗan tsalle, wani sa'in ya yi babba, ba mai dacewa sau biyu a jere. Da kansu za su gane abin da ya sa masana suka san tsagar Gabashin Anatoliya tun tuni, amma ba wanda ya iya faɗin ranar 6 ga Fabrairun 2023, da girgiza mai ƙarfin 7.8 ta kashe fiye da mutum 50,000 a Turkiyya da Siriya.

In darasi ɗaya gare ki, ɗauki bulon, siffofin nan uku ki nuna da tafukan hannu. A ƙasa za ki shimfiɗa katakon, ba kan benci ba, saboda ƙafafun yara.