Taurus na Top Flite: tsohon jirgin gasa da har yau bai gaji ba

A 1960 aka yi gasar duniya ta farko ta wasan gwaninta da ƙananan jiragen da ake sarrafawa da rediyo, a Dübendorf ta ƙasar Suwizalan. Ba'amurke Ed Kazmirski ne ya cinye ta da jirginsa Orion. Bayan shekara biyu ya fito da Taurus, ya ci gasar ƙasa ta Amurka da shi, kamfanin Top Flite na Chicago kuma ya riƙa sayar da shi a kwali: katakon balsa (wani katako marar nauyi) yankakke, wayar ƙafafu, da babban zane, mai saye ya haɗa da hannunsa. Har yanzu ana samun tsofaffin kwalayen a hannun masu tara kayan da, zanen ma yana intanet. Ya cancanci wahalar haɗawa, amma ga wanda ya riga ya iya tashi da sauka, kuma ya san dalilin da ya sa aka yi shi a yadda yake.

Dalilin kuwa rediyon wancan zamani ne. Babu sandar da za ka ɗan karkata kaɗan jirgi ya karkata kaɗan. Makunnai ne a jikin akwatin da ke hannunka, kowanne yana aika sauti nasa. A cikin jirgin akwai jerin siraran ƙarafa kamar haƙoran mataji, kowanne da sautin da ke kaɗa shi. In ya kaɗu sai ya haɗa wuta, sarbo, wato ƙaramin injin lantarki da ke motsa sitiyarin jirgin, ya tafi har ƙarshe, in ka saki ya koma tsakiya. Rediyo mai tasha 10 abu biyar kawai yake yi, don kowane motsi tasha biyu yake ci, ɗaya hagu ɗaya dama. Mai son juyi a hankali sai ya riƙa taɓa makunni yana saki, taɓ-taɓ-taɓ, da sauri. Jirgi mai zafin nama ba zai ɓoye wannan ba, alƙalai za su gan shi yana zabura.

Shi ya sa Kazmirski ya ba Taurus jela doguwa da fiffike mai kauri ƙwarai, kaurinsa kusan kashi 19 cikin ɗari na faɗinsa, tsawonsa inci 70, wato kusan santimita 178. Kaurin nan birki ne. In jirgin ya yi alkafura ya nufo ƙasa, ba ya kwasar gudu kamar masu siririn fiffike, don haka da'irar takan fito zagayayya, saman da ƙasan kusan gudu ɗaya. Da rediyon yau abin sai ya zama kamar tuƙa mota a sabuwar kwalta: mirginawa a hankali, tafiya a rigingine, da sauka hanci a ɗage, duk yana yinsu ba gardama.

Wajen haɗawa, fiffiken ne ke ba mutane ciwon kai. Ƙasansa ba shimfiɗaɗɗe ba ne, ba zai kwanta a kan tebur ba. Dole a tallafi gaban haƙarƙarin, wato katakan da ke jere a cikin fiffiken, da bayansu da ƴan katakai masu tsayi daidai, a kan allon da aka tabbatar bai lanƙwashe ba, kuma kada a ɗaga shi sai an manna fatar balsa ta sama ta bushe. Wanda ya yi gaggawa ya ɗaga, zai samu fiffike murɗaɗɗe, jirgin ya riƙa zamewa gefe ɗaya a kowace alkafura, kuma babu saitin rediyo da zai gyara wannan a kowane gudu. A auna nauyin kowane falle kafin a manna, a raba masu nauyi daidai tsakanin hagu da dama.

Katakon tsohon kwali kuwa sai an duba shi da kyau. Da wuƙar inji aka datse shi, sau da yawa bakin ya murƙushe, wani fallen kuma nauyinsa kamar na ƙofa. A ɗauki sassan a matsayin ma'auni, a sake yanka daga sabon balsa marar nauyi, musamman na jela. Lissafin mai sauƙi ne: jelar ta fi hancin nisa daga tsakiya sau uku ko fiye, don haka giram 10 na banza a baya zai ci giram 30 ko 40 na darma a gaba. Ga shi kuma rediyon wancan zamani, mai nauyi, da batirinsa suna taimaka wa gaban. Na yau ba su da wannan nauyin. A tura batir can ƙarƙashin tankin mai, a rataya jirgin a wurin da zanen ya nuna don a ga nauyin gaba da baya ya daidaita, tanki babu mai, kafin a manna tiren sarbo.

Injin asali Veco .45 ne (lambar girman injin ce), ba shi da salansa. Kowane .46 na zamani da farfela 11x6 ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, ya kuma ishe shi. Masu ɗora masa .60 ɓata shi suke yi. Leɓunan fiffiken, wato sassan bayansa masu motsi da ke karkatar da jirgi, sirara ne dogaye, sarbo ɗaya a tsakiya ke juya su ta hanyar waya. In gudu ya yi yawa wayar ta yi laushi, leɓen ya fara karkarwa, za ka ji wani ƙugi ɓurrr, kafin ka rage wuta ya ɓalle. Maganin shi ne sarbo ɗaya a kowane fiffike, sanda gajera marar wasa, a kuma toshe tsagar da ke wajen hinji da salatef. Zanen ya nuna a ɗaure fiffiken da robobi. Ƙusoshin nailan biyu sun fi, don roba in ta sha mai da rana takan saki, fiffiken ya ɗan motsa a tsakiyar juyi. A shafe ɗakin tanki da bangon inji da gam ɗin ifoksi tun kafin a rufe, in ba haka ba mai zai jiƙa balsar ta zama kamar soso.

Inda man metanol ke wuyar samu, injin lantarki na wat 700 zuwa 800 da batir LiPo mai sel 4 zai ɗauki jirgin da bai wuce kilo 3 ba. Sai an yanka ƙofar batir a saman hanci da ramin fitar iska a ƙasa, in ba haka ba zafin watan Afrilu zai kumbura batirin. Ledar da ake rufe jikin jirgin da ita ma takan saki a rana. A sake bin ta da dutsen guga, ana duba kada ta murɗa jelar.

Abin da ba ya iyawa shi ne tafiya a kan gefe ɗaya mai nisa, jikinsa ba shi da faɗin da zai riƙe shi, kuma in ka taka sitiyarin jela sai ya nemi mirginawa. Juyin katantanwa, wato jirgi ya nufo ƙasa yana juyawa, shi ma sai an matsa masa, don fiffiken ba ya son sakin iska. In ya ƙi shiga, a ƙara wa leɓen jela tafiya kaɗan, ko a ja batir baya da rabin santimita, a gwada a sama sosai kafin a sake ƙarawa.