Tayoyin Beljiyam da na ɗaura da hunturu, da abin da suka yi mani a hanyar Daura

Ni dai a da, tun da nake sayen taya ban taɓa tsayawa karanta rubutun da ke jikinta ba, in dai lamba ta yi daidai da ta Corolla ɗina, 195/65 R15, na danna da babban yatsa na ji roba da rai, na ga zane da zurfi, shi ke nan sai in ce a ɗaura. Haka na yi a Disambar 2023 da tayoyina huɗu suka suɗe kamar tafin hannu. Na shiga wani shago nan cikin Katsina da niyyar sabbi, da aka faɗa mani kuɗinsu sai da na yi zufa cikin sanyin nan, kun dai san yadda kaya suka koma bayan cire tallafin mai. Yaron shagon ya ga fuskata ta canza sai ya ja ni baya, wai Alhaji zo ka ga Beljiyam giredi wan, ko wata shida ba su yi a ƙasa ba. Kuma wallahi a ido sun fi sabbin kyau. Sunan babban kamfani na Turai a jiki, zane zuƙu-zuƙu, ga wasu 'yan tsage-tsage sirara ko'ina kamar an bi da reza. Kuɗin bai kai rabin na sabbi ba.

Gaskiya ɗaya ce, wata biyun farko na ji daɗinsu ƙwarai. Da sassafe in zan kai yara makaranta, hazo ya rufe gari, ƙura ta kwanta bisa kwalta, in na sha shataletalen Ƙofar Ƙaura motar kama ƙasa take kamar ƙadangare a bango. Birki kuwa kana taɓawa ta tsaya. Ramuka ma ba ka jin su sosai saboda laushin robar. Har tallarsu na riƙa yi a majalisa ina ce ma mutane su bar ɓarnar kuɗi a kan sabuwar 'yar Chana. Abu ɗaya da na lura shi ne iska na sauka kaɗan da safe, wannan kuma ba laifinsu ba ne, kowace taya haka take yi da sanyi don iskar ciki takurewa take.

Da azumi ya kama a watan Maris zafi ya sauko, nan motar ta fara wani lilo da ban gane ba, in ka juya sitiyari sai ka ji kamar a kan katifa kake tafiya, mai ya ƙara gudu, zanen nan da nake taƙama da shi yana ta tafiya kamar sabulu a ruwa. Na ɗora laifin a kan alaimen, na je aka yi, ba ta canza zani ba.

Washegarin ƙaramar sallah muka ɗauki hanyar Daura gaishe da surukai, ni da maman yara da yara uku da ƙanwarta, but cike da kaya, wajen ƙarfe biyu na rana, irin ranar Afrilun nan da zafi ke haura digiri 40 kana hango kwalta na rawa daga nesa. Mun wuce Mashi kaɗan ina kan ɗari da 'yan kai sai na ji faaam kamar an harba bindiga, bayan motar ya fizge ya yi dama. Salati kawai ke tashi. Abin da ya faɗo mani a rai a lokacin James Ocholi ne, ƙaramin ministan ƙwadago da fashewar taya ta yi ajalinshi da matarshi da ɗanshi a hanyar Kaduna zuwa Abuja a Maris ɗin 2016, tun lokacin 'yan rod sefti ke ta nanata cewa in taya ta fashe kar ka danne birki. Na riƙe sitiyari da hannu biyu na ɗage ƙafa daga totur na bar ta ta rage gudu da kanta har muka gangara gefe. Allah ne dai ya tsare, don babu mota a bayanmu. Da na fito gwiwoyina ba su ɗauke ni ba, sai da na zauna a ƙasa.

Na ɗaura safaya muka lallaɓa zuwa wurin wani dattijo mai faci a bakin hanya. Ya juya gawar tayar ya duba ya dube ni, ya ce Yallaɓai wa ya saida maka tayar ƙanƙara? Na ce Baba ƙanƙara kuma, a Katsina? Sai ya goge gefen da tsumma ya nuna mani wani ɗan zane, dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara mai kama da tauraro a cikinshi, kusa da shi an rubuta M+S. Ya ce wannan ta ƙasashen da ƙanƙara ke zuba ce, robarta taushi gare ta don kar ta daskare, in ta taka kwaltarmu da bazara cinyewa take. Daga baya na duba a waya na ga haka ne, an yi su ne don yanayin da bai kai digiri 7 ba, mu kuwa hunturunmu da muke rawar ɗari muna jin wuta da wuya ya sauka can. Ashe ko lokacin da nake yabonsu ba a gidansu suke ba.

Bai tsaya nan ba, ya nuna mani lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 4116. Wato sati na 41 na shekarar 2016. Tayar da aka ce mani ba ta yi wata shida ba ta haura shekara bakwai a duniya, alhali 'yan rod sefti cewa suke wa'adin taya shekara huɗu ne. Ya lanƙwasa gefen ɗaya daga cikin sauran sai ga tsaga ƙanana kamar faso, an shafe su da baƙin mai don su yi ƙyalli.

Bayan sallah na koma shagon da tayar a but. Maigidan ko kallon kirki bai yi mata ba, wai Alhaji ai ƙaddara ce, kuma kaya in ya fita ya fita. Wannan maganar ta fi fashewar ƙona mani rai. Kayan da ma kwastan ta hana shigo da su, ta ɓarauniyar hanya suke zuwa, wa za ka kai ƙara? Da can muna da Michelin a Fatakwal da Dunlop a Ikeja, ɗaya ta rufe 2007 ɗaya 2008, yanzu duk abin da aka kwaso mana shi muke takawa.

Dole na ciji yatsa na sayi sabbi huɗu 'yan Chana, irin waɗanda nake kushewa a majalisa, wannan karon da kaina na tsuguna na karanta, 0824, kuma wurin da aka rubuta jure zafi harafin A ne, wato mafi juriya. Na kuma hana masu faci dura mani iska 45 yadda suka saba, takardar jikin ƙofar direba 30 ta ce. Wajen ƙarko ba ni da ta cewa, na yi Kano ta Kankiya da Bichi ban san adadi ba, zane na nan daram.

Amma fa ba zan ce ina son su ba. Robar tauri gare ta, kowane rami sai ka ji shi a ƙugunka, ga gurnani in ka wuce tamanin har rediyo sai ka ƙara. Da damina cikin Agusta na taka birki a jiƙaƙƙiyar kwalta wajen Ƙofar Ƙwaya motar ta sulale kamar taku uku kafin ta tsaya, saura ƙiris in daki mai Napep. Ranar har na ce a raina waɗancan da ba su yi mani haka ba. Da hunturu ya dawo ma da safe sai ka ji su ƙandas kamar itace sai an ɗan yi tafiya sun yi ɗumi.

Na taɓa furta haka a gida, maman yara ta yi mani wani kallo, ta ce Baban Ummi in Beljiyam ta sake hawa motar nan ita da 'ya'yanta sai dai su bi ta tasha. Biyu daga cikin ukun da suka rage na bar ma mai facin unguwarmu, ɗayar tana bayan gida ta cika ta da ƙasa ta shuka na'a-na'a.