Mota na misin: me za ka fara saye, na'urar gwaji ko filogi?

Duk mai tsohuwar mota a Katsina ya san wannan hali. Ka tsaya cikin cunkoso wajajen Ƙofar Ƙaura, inji na karkarwa kamar mai masassara, ka taka totur sai ta yi tari kafin ta ja. Bakanike ya ce filogi ne, a canza. Bayan kwana biyu a ce koyil mai ba filogi wuta, daga nan nozul mai fesa fetur. Kuɗin da ke tafiya a wannan canki-cankar ya isa sayen abin gwaji, kuma ni a ganina can ya kamata kuɗin farko ya nufa.

Amma duba shekarar motarka tukuna. Abin nan da ake cewa "a sa mata kwamfuta" yana shiga ne ta wani soket mai ramuka 16, galibi a ƙasan sitiyari, ana kiransa OBD2. Amurka ta wajabta shi tun 1996, Turai kuwa sai 2001 ga motocin fetur. Don haka Accord ko Camry 'yar Amurka, ko ta 1998 ce, za ta amsa. Golf 3 ko Pijo 406 ta farko-farko kana iya ganin soket ɗin, amma ƙaramar na'ura ta yi ta sallama shiru, sai an samo mai jin yarensu. Pijo 504 mai kabureta ba ta ma san ana yi ba.

Mafi araha ita ce ELM327, 'yar ƙarama kamar kwalin ashana. Ana haɗa ta da waya ta Bluetooth, a karanta da manhaja irin Torque. Idan ta nuna P0302, silinda ta biyu ce ba ta ƙona mai daidai. P0300 na nufin matsalar tana yawo ne ba a silinda ɗaya ba, sai a waiwayi famfon mai, ko iskar da ke satar hanya, ko fetur ɗin da aka sha wajen 'yan bumburutu. Aibinta, yawancin na kasuwa kwaikwayo ne, wasu ba sa haɗuwa da tsofaffin motoci, don haka a gwada a motarka kafin ka biya. Kada kuma ka bar ta a maƙale mota na ajiye kwana da kwanaki, tana tsotsar batir a hankali.

Sai mai allon kanta, irin na Autel ko Launch. Ta fi tsada, ba ta buƙatar waya, ta fi jure aiki. Ƙananan cikinsu inji kawai suke karantawa. Babbar da ke shiga birki da giya ta masu gareji ce, mai mota ɗaya gara ya biya a duba masa.

Ga inda mutane ke tafka asara. Na'ura silinda take nunawa, ba ta ce koyil ya mutu ba. In motarka kowane filogi da koyil ɗinsa, ɗauke koyil na biyu ka musanya da na uku, ka goge lambar, ka ɗan zaga. Ta koma P0303, koyil ne. Ta tsaya a P0302, sai a musanya filogi, sannan a dubi nozul, in duk ba su ba a auna matsin silindar. Sisi ba ka kashe ba.

Wadda aka fi rainawa kuwa ita ce mitar auna wuta ta masu wayarin, alhali babu motar da ba ta yi wa aiki. Lafiyayyen batir a kashe yana nuna kusan volt 12.6. Inji na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5, ƙasa da haka altaneta ko belinsa ake tuhuma. Mitar ce ke tona asirin kan batir da ya yi gishiri, da wayar da ke ɗaure inji da bodi idan ta saki, wadda ke sa mota haukan da babu lambar da za ta fassara shi. Mai Golf 3, mita zan ce ka fara saye. Ka kuma buɗe bonet da dare inji na aiki, in wayoyin filogi sun tsufa za ka ga tartsatsi da idonka.

Filogi kuma, na jan ƙarfe ya fi araha amma ya fi saurin cinyewa, iridiyam yana iya kai kilomita dubu 100 a lafiyayyen inji. Injin da ke shan baƙin mai zai lalata kowanne, ba amfanin mai tsada. Nemi lambar da aka rubuta wa motarka, ka kuma kula, jabun NGK da Denso sun yi yawa. A koyil na fi son na asali ɗan Baljiyam a kan sabo marar suna, ko a nan ka saya ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, da sharaɗin in an ɗaura bai yi ba, za a karɓa. A yi wannan magana gaban bakanikenka kafin kuɗi su bar aljihu.