Gorar Roba ko Tulun Ƙasa: Wanne Zai Riƙe Maka Shuka Idan Ka Yi Tafiya?

Mai barin gida a Zariya cikin Maris ko Afrilu ya san fulawar tukunya ba ta kwana uku ba ruwa sai ta langaɓe. Dabaru biyu ake yi.

Gorar roba mai lita 1.5 ita ce mai sauƙi. A huda murfinta sau biyu da allura mai zafi, a cika ta, a kife cikin ƙasa kamar santimita 5. Matsalarta, ba ta da tabbas: hujin ya yi faɗi, ruwan ya tsiyaye a yini guda; ya yi ƙanƙanta, laka ta toshe shi. Shi ya sa ake gwada ta kwana biyu kafin tafiya. Ta dace da tukwanen baranda da tafiyar kwana huɗu, irin ta zuwa Sallah.

Tulun ƙasa kuwa, wanda ba a shafa masa fenti ba, shi ne na lambu. A binne shi har wuya tsakanin tumatir ko barkono, a cika, a rufe bakinsa da tasa, kada sauro ya yi ƙwai. Ruwa yana naso ta jikinsa gwargwadon bushewar ƙasa, don haka bai cika ɓarna ba. Mai lita 10 yakan kai mako, musamman in an shimfiɗa busasshiyar ciyawa kewaye da shi. Amma shukar ta kasance kusa, kamar taku ɗaya. Mai nisa ba ta samu. Ruwa mai laka kuma yana toshe ƙananan ƙofofin jikinsa da ruwan ke naso ta cikinsu, sai a tace.

In tafiyar ta kai ta aikin Hajji, ko tulun ma sai an bar wa maƙwabci amanar cika shi.