Sabon Kundin Salif Keita, So Kono: Shi Za Ka Fara Saya Ko Tsofaffin?

A 2018, lokacin da mawaƙin nan na ƙasar Mali, Salif Keita, ya fitar da kundinsa Un Autre Blanc, cewa ya yi daga wannan ya rufe, ba zai ƙara yin wani kundin waƙoƙi ba. Mutane suka yarda, domin yana dab da cika shekara 70, kuma ya kusa shekara 50 yana waƙa. Sai ga shi a watan Afrilun 2025 ya dawo da So Kono, kundi mai waƙoƙi 9 da kamfanin Nø Førmat na birnin Paris ya fitar. To wanda ya ware kuɗin kundi ɗaya ko biyu, sabon zai ɗauka ko ya koma baya ya tono tsofaffi?

Ni dai ina ganin So Kono kundi ne mai kyau ƙwarai, amma ba ta nan baƙo ya kamata ya shiga ba. Bari in faɗi dalili.

Sunan da kansa ya gaya maka abin da ke ciki. A harshen mutanen Mande, wato al'ummar su Salif, So Kono na nufin cikin ɗaki, kuma a ɗakin otal aka ɗauki waƙoƙin, a birnin Kyoto na Japan, lokacin da Salif ya je wani bikin kaɗe-kaɗe a 2023. Galibi daga shi sai jitarsa, sai Badié Tounkara a kan ngoni, wato ɗan uwan molo, sai Mamadou Koné yana riƙe da kiɗa. Babu masu busa, babu gangar inji, babu rundunar 'yan amshin nan da suka saba tallafe shi. Ga mawaƙin da ya yi suna da manyan ƙungiyoyi, wannan kamar sarki ne ya fito zaure ba rawani ba dogarai. Ya daɗe yana nuna cewa shi bai ɗauki kansa makaɗin jita ba, da ita yake tsara waƙa kawai kafin ya miƙa wa gwanaye. A nan kuwa babu wanda zai fake a bayansa.

Abin da za ka ji shi ne muryar mutumin da ya haura 70. Ta yi kauri, ta ɗan dushe a gefe, kuma ba ya yawan kai ta can ƙololuwa kamar yadda yake yi yana saurayi. Amma idan ya ga dama ya ɗaga ta, har yanzu tana tsaga ɗaki. Kana jin numfashinsa, kana jin yatsa na gogar tsirkiya. Yawancin armashin kundin a nan yake, kuma a nan ne zai gundiri wanda ya zo neman abin rawa.

Akwai abin da mai saye ya kamata ya sani kafin ya ciro kuɗi: ba duka waƙoƙin ne sababbi ba. "Laban" da "Tu vas me manquer" sun fito tun a M'Bemba na 2005, "Tassi" kuma tana cikin Talé na 2012. Abin da ya yi shi ne ya tuɓe musu kaya ya bar su da ƙashinsu. Wanda ya san "Laban" ta farko, da jitoci masu kai-kawo da amshin mata, idan ya ji ta a So Kono zai gane abin da aka cire, kuma rashin nan shi ke taɓa zuciya. Wanda bai san ta farko ba, waƙa mai sanyi kawai zai ji, rabin labarin ya wuce shi. Haka waƙar da ya yi wa Kanté Manfila, makaɗin jitar nan ɗan ƙasar Gini da suka yi tafiya tare tun zamanin ƙungiyar kiɗa ta Les Ambassadeurs, wanda ya rasu a 2011. Sai ka taɓa jin yatsun Manfila a bayan muryar Salif kafin ka san nauyin wannan makoki.

Shi ya sa nake cewa a fara da Moffou.

Moffou ya fito a 2002, bayan Salif ya shafe shekaru yana gwada kiɗan lantarki iri-iri a Turai da Amurka. Sunan wata 'yar sarewa ce da manoma ke korar tsuntsaye da ita a gona, kuma shi ne sunan gidan wasan da ya buɗe a Bamako. A kundin ya koma ga kayan kiɗa marasa lantarki, jita da ngoni da ƙwarya da sarewa, ga Kanté Manfila a gefensa. Da "Yamore" aka buɗe, inda suka haɗu da Cesária Évora ta tsibiran Cape Verde, muryarta mai nauyi a ƙasa, tasa tana shawagi a sama. Akwai "Madan", wadda Martin Solveig na Faransa ya sake yi wa kiɗan gidan rawa har ta zagaye Turai. Akwai kuma "Iniagige", inda daga murya sai jita, wato irin abin da So Kono ya zo ya cika kundi guda da shi bayan shekara 23. Ka ga ke nan duk fuskokin mutumin suna cikin faifai ɗaya. Idan ka saurari Moffou ka ji wuraren da ya yi shiru-shiru sun fi kama ka, to So Kono ne na biyunka, kada ka tsaya shawara. Idan kuwa wuraren da kiɗa ya cika ne suka fi maka, ka nufi M'Bemba, wanda aka ɗauka a situdiyonsa na Bamako. Ɗan uwan Moffou ne na jini, sai dai ya fi shi yawan hannaye da motsi.

Sai Soro na 1987, wanda duk mai magana a kan Salif ba ya tsallake shi. Ya koma Paris da zama a 1984, kuma wannan ne kundin da ya fitar da shi duniya. Ibrahima Sylla ɗan Senegal ne furodusa, Faransawa biyu, François Bréant da Jean-Philippe Rykiel, suka tsara kiɗan. Waƙoƙi 6 ne kacal. Idan abin da kake nema shi ne ka ji muryar nan a ganiyarta, lokacin da take fita kamar an harba kibiya, babu inda ya kai Soro. Saurari yadda yake buɗe "Sina", ko yadda yake ratsa "Sanni Kegniba", za ka gane dalilin da ya sa ake masa kirari da muryar zinariya ta Afirka. Amma gaskiya ɗaya ce: kiɗan ya nuna shekarunsa. Fiyanon lantarki da gangar inji na wancan zamani suna da wani ƙyalli mai kama da roba, wanda kunnen yau kan ji wani iri. Wasu wannan ƙamshin shekarun 1980 ɗin suke so, wasu kuma ba sa iya jure shi. Ka ɗanɗana waƙa ɗaya a intanet tukuna. Idan ka jera Soro da So Kono ka saurara a dare ɗaya, shekara 38 ke tsakaninsu, a na farko murya na kokawa da inji tana kayar da shi, a na biyu ba ta da abokin kokawa sai shekaru.

Waɗanda suka biyo bayan Soro ba sai na daɗe a kansu ba. Ko-Yan na 1989 ya bi sawun Soro ne. Amen na 1991 Joe Zawinul na ƙungiyar Weather Report ne ya shirya shi, ga Carlos Santana da Wayne Shorter a ciki, har ya shiga takarar kyautar Grammy. Masu son jaz za su ji daɗinsa, ni kuwa a wasu wurare nakan ji baƙin sun cika gidan har mai gida ya rasa wurin zama. Folon na 1995 ya fi sauƙin shiga, a nan "Tekere" da "Africa" suke, kuma waƙar da aka sa wa kundin sunanta tana cikin mafi sanyin abin da ya taɓa rerawa. Papa na 1999 na masu tara komai ne.

Talé na 2012 kuwa shi ne kishiyar So Kono ta kowace fuska. Philippe Cohen Solal na Gotan Project ya shirya shi, an cika shi da kiɗan kwamfuta da nufin a yi rawa, ga baƙi irin su Manu Dibango da Bobby McFerrin da Esperanza Spalding. Ba laifi, amma idan aka ce in bar ɗaya a kanti, shi zan bari. Abin sha'awa dai shi ne ka ji "Tassi" a can, sannan ka ji ta a ɗakin otal na Kyoto, ka ga yadda waƙa ɗaya ke sauya hali idan an sauya mata tufa.

Akwai kundi biyu da ake saya saboda abin da suke faɗa, ba don kiɗa kaɗai ba. An haifi Salif zabiya ne, wato mai lalurar farar fata, a ranar 25 ga Agustan 1949 a ƙauyen Djoliba na Mali, a zuriyar Keita da ke danganta kanta da Sundiata, wanda ya kafa daular Mali a ƙarni na 13. Abu biyu suka haɗe masa tun yana yaro: ƙyamar da ake nuna wa zabiya, da kuma al'adar Mande da ta ce waƙa aikin jeli ne, wato maroƙa na gado, ba na ɗan gidan sarauta ba. La Différence na 2009 ya sadaukar da shi ga zabiyoyi, waɗanda a wasu ƙasashen Afirka ake kashewa don tsafi, kuma ya ci kyautar Victoires de la Musique ta Faransa a 2010. Un Autre Blanc, wato wani farin daban, ya sake komawa kan batun, har ya yi wasa a garin Fana a ƙarshen 2018 don tunawa da wata yarinya zabiya 'yar shekara 5 da aka kashe a can. Shi wannan kundin cike yake da baƙi, Angélique Kidjo da Alpha Blondy da Yemi Alade da Ladysmith Black Mambazo, kamar walimar sallama. Tsakanin biyun na fi son La Différence, ya fi natsuwa, kuma bai yi nisa da hanyar Moffou ba.

Wanda yake son tushe sai ya koma kafin duk waɗannan, lokacin da Salif ɗan ƙungiya ne. Ya shiga Rail Band a 1970, ƙungiyar da ke wasa a otal ɗin tashar jirgin ƙasa ta Bamako, sannan ya koma Les Ambassadeurs a 1973. Daga baya suka yi ƙaura zuwa Abijan, inda suka ɗauki "Mandjou" a 1978, waƙar yabon Ahmed Sékou Touré na Gini da ta haura minti 10. Yabon ya jawo masa surutu saboda irin mulkin da Touré ya yi, amma ta fuskar rera waƙa samun kamarta sai an tona. Kamfanin Sterns na Landan ya sake fitar da waƙoƙin ƙungiyoyin biyu a faifan CD. Sai dai a kula da abu biyu. Na ɗaya, sautin na da ne, wani wurin da ƙura. Na biyu, ba a kowace waƙa ce Salif ke jan baki ba. A tarin Rail Band za ka tarar da waƙoƙi da dama muryar Mory Kanté ce, wanda ya gaje shi a ƙungiyar. Ba asara ba ce, amma wanda ya saya don Salif kaɗai zai iya jin an yi masa sauyi. Haka kuma "Mandjou" iri biyu ce, ta Abijan da wadda ya sake yi a Folon. Ta Abijan ake nema.

Batun a wane tsari za a saya, ya danganta da kundin. So Kono na son wuri shiru da abin ji na kunne mai kyau, ko lasifika ta kirki. Idan ka kunna shi a ƙaramar lasifikar waya, ko a mota ana hayaniya, ngonin zai ɓace, numfashin da gogar tsirkiyar da su ne ribar kundin duk ba za ka ji su ba, sai ka ce an cuce ka alhali ba laifin faifan ba ne. Idan akwai wanda ya cancanci a mallake shi a faifan garmaho ko CD, shi ne. Soro da Talé da Folon kuwa ba ruwansu, ko a ina ka kunna su za su tashi. Kuma tunda yawancin waɗannan kundaye suna kan manhajojin sauraro irin su Spotify da YouTube, babu dalilin sayen abu a makance. Ka ji "Laban" ta M'Bemba, ka bi ta da ta So Kono nan take. Duk wadda hannunka ya koma ya sake kunnawa, kundinta za ka saya bayan Moffou.