Na Je da Faifai a Jaka, Aka Miƙo Min Layi Ɗaya a Takarda

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Da yawanku kuna ta tambayata labarin sanyi da abinci da kuɗin haya, duk zan zo kansu in Allah ya yarda. Abin da ke ci min rai yau daban ne, kuma tun watan da na sauka Jamus yake tsaye a wuyana.

Waɗanda suka san ni sun san aikina a kan damina yake: yaushe take sauka a ƙasar Hausa, yaushe take ɗaukewa, da yadda lamarin ya sauya tun daga farin 1973 da na 1984 zuwa yau. Irin wannan bincike ba ya yiwuwa sai da tarin bayanan yanayi, kuma wanda malamina ya ce in fara da shi shi ne ERA5, na cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF. Bayanan iska da zafi da ruwan sama ne na duniya baki ɗaya, awa bayan awa, tun daga 1940, an yanka doron ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 31. Abin da nake buƙata kaɗai, daga Senegal zuwa Tafkin Chadi, ya tasar wa gigabait 400.

Kafin in baro Kano na shiga Titin Beirut na sayi faifan ajiya mai terabait 2, na naɗe shi cikin tufafi don kada ya bugu a jirgi. A sati na biyu na ɗauke shi na nufi ofishin matar da ke kula da kwamfutocin sashenmu. Na gaishe ta, na ajiye faifan a teburinta, na ce na zo a kwafa min bayanan. Ta dubi faifan, ta dube ni. Ta ce ba a soka faifan waje a kwamfutocin sashe, kuma bayanan ma ba a ginin suke ba, suna can Hamburg, a DKRZ, cibiyar lissafin yanayi ta ƙasar. Wani ɗalibi da ke zaune a gefe, yaron da na girme shi da shekara goma, ya fashe da dariya ya tambaye ni ko jirgin ƙasa zan hau in kai faifan Hamburg. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni da na yi shekara huɗu ina tsayawa gaban aji, ana ce min Malam.

Matar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma rarrashe ni ba. Ta yago wata 'yar takarda ruwan ɗorawa ta rubuta layi ɗaya. Farkonsa rsync -avP, umarnin kwafar fayiloli daga wata kwamfuta zuwa wata, sai sunana da adireshin babbar kwamfutar ajiyar da masu sana'ar ke kira saba, wasu kuma su ce uwar garke, sai wurin da fayilolin suke, sai wurin da nake so su sauka. Ta ce sauran bayani yana rubuce a shafin sashe, in je in karanta. Shi ke nan, ta mayar da kanta kan aikinta.

Kwana uku na yi ina kallon baƙin allon nan da suke kira taminal. Babu hoto, babu folda mai launi, babu abin da linzami zai danna, sai ɗan layi yana ƙyafta ido yana jiran ka rubuta umarni. Ga kuma allon madannai na Jamus da ya so ya haukata ni: Z tana inda Y take, Y tana inda Z take, alamomin da ake buƙata a kowane umarni kuma an ɓoye su ƙarƙashin wani maɓalli mai suna AltGr. Sau uku na rubuta kalmar sirrina daidai a zuciyata, kuskure a allo, har aka rufe min shiga na ɗan lokaci. Shi kansa izinin shiga sai da na cika takarda da biro, malamina ya sa hannu, wani ofishi ya buga hatimi, na jira kusan sati biyu. Kada wanda ya ce muku komai a nan da danna waya ake yi. Mutanen nan suna son takarda kamar me, intanet ɗin gida kuma sai ka yi makonni kana jiran ma'aikaci ya zo ya haɗa, bayan an ɗaure ka da yarjejeniyar wata 24.

Abu na farko da na fahimta shi ne makulli. Akwai umarnin ssh-keygen da ke ƙera maka abu biyu, ka ɗauka kwaɗo ne da makullinsa. Kwaɗon za ka aika a maƙala a ƙofarka da ke can uwar garke, makullin kuwa ba ya barin kwamfutarka har abada. Ko duniya ta ga kwaɗon ba komai. Wani ɗan Finlan, Tatu Ylönen, shi ya ƙirƙiro SSH, tsarin shiga wata kwamfuta daga nesa cikin sirri da ake amfani da makullin nan a cikinsa, a 1995, bayan an yi satar kalmomin sirri a layin jami'arsu, Jami'ar Fasaha ta Helsinki. Da na karanta wannan sai na tuna ofishinmu na da, inda kalmar sirri ɗaya ce ta mutum goma sha wani abu, an rubuta ta an manna a jikin bango.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar wata Juma'a na shiga kwamfutar sashe daga laftof ɗina, na rubuta layin nan, na danna. Sai ga sunayen fayiloli suna gangarowa, kowanne da kason da ya sauka da saurin da yake tafiya, sama da megabait 100 a kowace daƙiƙa. Na zauna baki buɗe. Lokacin masallaci ya matso, na rufe laftof ɗin na jefa a jaka, ban san rufewar za ta yanke aikin ba. Da na dawo na buɗe sai na ga ya tsaya, an wuce rabi da kaɗan. Gabana ya faɗi. Duk wanda ya taɓa sauke babban fayil a gida ya san wannan faɗuwar gaban: ka raba dare, ka ƙona datarka, a kai kashi 90, sabis ya ɗauke ko a ɗauke wuta, gari ya waye ka koma sifili. Na yi Innalillahi, na danna kibiyar sama layin ya dawo, na sake dannawa.

Bai koma farko ba. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ya bi jerin fayilolin, ya ga waɗanda suka riga suka iso ya tsallake su, ya je kan wanda ya yanke a tsakiya ya ƙarasa abin da ya rage, ya wuce gaba. Kafin la'asar an gama. Na daɗe a kujerar nan ban motsa ba. Abin da ya zo min a rai ba Jamus ba ce, daren da na kwana a kafe ne lokacin digirina na biyu, ina sauke fayil guda sau biyar, mai kafe yana ta ƙara man janareta yana ƙara min kuɗi.

Daga baya na zauna na bi haruffan nan na -avP ɗaya bayan ɗaya. Harafin a yana cewa a kwashe komai har foldar cikin folda, tare da kwanan wata da izinin kowane fayil. Harafin v yana sa ya faɗa maka abin da yake yi. Shi kuwa P babba, shi ne gwarzon: ya nuna ci gaba, kuma idan an yanke kada ya zubar da guntun da ya riga ya sauka. Idan ka ƙara n sai ya gwada maka abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba, kuma ina roƙon duk mai koyo ya riƙa fara yin haka, musamman kafin ya kusanci --delete, wanda ke goge duk abin da ke wurin saukar idan babu shi a wurin da ake ɗaukowa, ba tare da ya tambaye ka ba. Akwai kuma 'yar karkatacciyar sandar nan ta ƙarshen sunan folda: in ka sa ta, abin da ke cikin foldar zai kwaso, in ba ka sa ba, foldar dungurungum zai ɗauko. Wannan kaɗai ta ci min yini guda. Yaron da ya yi min dariya, shi ne daga baya ya nuna min tmux, wanda ke barin aiki yana tafiya a can ko ka rufe laftof ka tafi gida, da sha256sum da ake tabbatar da cewa fayil ya iso lafiya ko harafi bai canza ba. Na gode masa, amma ban manta dariyar ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da na binciki asalin rsync. Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar da shi a Ostareliya a 1996, zamanin da intanet ke rarrafe ta wayar tarho. Wato don layi mai rauni aka yi shi, don irin halin da muke ciki. Kyauta ne, ba a biyan ko kwabo. Mutanen da layinsu ba ya yankewa su ke amfani da shi kullum, mu da namu ke yankewa sau goma a yini ba wanda ya taɓa koya mana. An koya mana tarihin kwamfuta zamani-zamani mun haddace mun zuba a jarrabawa, amma ba a taɓa zaunar da mu gaban baƙin allo ba.

Na san za ku ce wuta, za ku ce kuɗi, kuma gaskiya ne. Jami'o'in Jamus suna da layinsu na musamman, DFN, tun 1984 ake gina shi, shi ya sa gigabait 400 ke zuwa tsakanin azahar da la'asar. Mu kuwa ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Kodebuwa, kowa ya ga yadda bankuna da ofisoshi suka tsaya cak. Amma mu ma an ƙaddamar da layin jami'o'i, NgREN, tun 2014, hanya an fara share ta. Abin da ya rage halinmu ne. Malami ya tara bayanan shekara goma a laftof ɗaya, ɓarawo ya ɗauke a mota, aikin ya tafi ke nan. Filashi ɗaya ya zaga aji guda yana raba bairos kamar goron biki. Ɗalibi ya aika babin digirinsa ta WhatsApp, a wayi gari akwai kwafi bakwai ba wanda ya san na ƙarshe. Uwa uba rowa. Na taɓa neman lissafin ruwan sama na garinmu a wani ofishi, na kai wasiƙa, na yi sintiri wata biyu, ƙarshe aka ba ni hoton wani tsohon littafi da gara ta ci gefensa. Yau ga ni a ƙasar wasu ina samun bayanan saman garinmu awa bayan awa, ba wanda ya tambaye ni ɗan gidan waye.

Duk da haka ina kewar gida a wannan fannin ma. A Titin Beirut in laftof ta lalace, yaro zai kwance ta a gabanka, ya ba ka benci, ya aika a kawo maka ruwa, kafin magariba ka tafi da abinka. A nan sai ka aika imel, a ba ka lamba, a amsa maka da layi biyu babu ko gaisuwa, ranar Lahadi kuwa gari kamar an yi shara. Ilimin yana nan a rubuce, amma ba mai kama hannunka.

Watan jiya na yi hayar 'yar ƙaramar uwar garke, kimanin yuro 5 a wata, na sa ƙanina da ke digiri na biyu ya ɗora Ubuntu, wata babbar manhajar kwamfuta ta kyauta, a laftof ɗinsa. Ta waya na koya masa makulli da layin nan guda, yana jona da datar wayarsa. Daren farko sabis ya yanke masa sau huɗu. Da asubarsu ya kira ni, murya na rawa: "Yaya, wallahi daga inda ya tsaya ya ci gaba." Yanzu kowane dare sai ya tura aikinsa kafin ya kwanta, kuma ya koya wa abokansa biyu.

Gigabait 400 dai ba za su bi ta datar waya ba, don haka faifan nan na Titin Beirut zai yi amfaninsa: na sami izini in cika shi ta hanyar da aka yarda, in taho da shi hutun ƙarshen shekara. Na rubuta wa tsohon sashena cewa a ba ni kwamfuta ɗaya daga cikin waɗanda aka sayo da kuɗin tallafi suke lulluɓe da leda, in mayar da ita uwar garke ta ɗalibai, zan haɗa ta da hannuna in koyar da mutum biyu su riƙe ta. Sati uku ke nan da aka amsa min cewa makullin ɗakin yana hannun wani malami, shi kuma ya yi tafiya. Jiya na sake rubutawa.