Garejin da ya ceto min injin Corolla bayan na faɗa ruwa

Wata Alhamis cikin watan Agusta aka tafka ruwan la'asar a Kano, irin wanda kafin ka ce kwabo kwatoci sun cika sun tumbatso kan titi. Ina dawowa daga kasuwa a Corolla ta ƙirar 2005, na iso wani kwari da kullum nan nake bi, na ga ruwa ya kwanta amma wata tifa ta ratsa a gabana sai na bi bayanta. Ban kai tsakiya ba wata Sienna ta taho ta ɗaya hannun a guje ta turo min ruwa har saman bonet, motar ta yi kakari sau biyu ta mutu.

Hannuna har ya kai kan mukulli wani mai adaidaita sahu da ya fake a bakin wani shago ya ɗaga murya, "Alhaji don Allah kar ka yi kik!" Shi da wasu samari suka shigo ruwan har gwiwa suka turo ni tudu. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake, daga baya na gane girman abin da ya yi min.

Bakaniken farko da aka kira min a nan kusa ko eya kilina, wato matatar iskar da inji ke shaƙa, bai buɗe ba, ya leƙa kawai ya ce injin ya yi nokin sai dai a sayo wani ɗan Beljiyam. Gabana ya faɗi wallahi, don na san kuɗin inji yanzu ba wasa ba ne. Da daddare surukina ya haɗa ni da wani bakanike da yake da gareji a wajajen Kofar Ruwa, to shi ne nake son in ba ku labarinsa.

Tun a waya na ji bambanci. Bai ce min komai kan kuɗi ba, tambaya ya yi, ruwan ya kai ina a jikin motar, tana tafiya ta mutu ko ni na kashe, na sake tayarwa ko ban sake ba. Da na ce ban sake ba ya ce alhamdulillahi, in cire kan batir, in nemo janwe da safe, kuma ko wa ya ce min a tura ta a tayar kar in yarda.

Da muka isa a gabana ya yi komai. Ya buɗe akwatin eya kilina, filtar ta jiƙe sharkaf ga ruwa kwance a ƙasan akwatin da yashi. Ya cire koyil ya kwance filogi huɗun, sannan ya sa sifana a fuli ya juya injin da hannu a hankali yana saurare, ya ce in da wani abu ya lanƙwashe a ciki a nan zai ji ta cije. Ta juya lafiya. Sai ya mayar da batir, ya zare fiyus ɗin famfon mai ya ce yaronsa ya yi kik babu filogi, ai kuwa ruwa ya yi tsartuwa daga ramuka biyu na tsakiya har ya jiƙa masa riga.

A nan ya zaunar da ni ya yi min bayanin da har yau ina maimaita wa mutane. Ya ce Alhaji fistin aikinsa ya matse iska da fetur, iska tana matsuwa amma ruwa ba ya matsuwa ko kaɗan, to in ruwa ya cika silinda fistin ya taso da ƙarfi ya tarar babu wajen zuwa, ƙarfen da ke riƙe da shi wato konrod shi zai lanƙwashe ko ya karye, wani lokacin ma ya fasa bulok ya leƙo waje. Ya ce tawa ta tsira ne saboda a hankali nake tafiya lokacin da ta sha ruwan kuma ba a sake yi mata kik ba. Yawancin injinan da ake kawo masa da damina wai ba ruwan ne ya gama da su ba, tayarwa ta biyu da ta uku ce. Kuma ya nuna min bakin da Corolla take shaƙar iska, can bayan fitilar gaba, ba shi da wani tsayi, ba a haɗa shi da na tifa. Mutane suna ta tsoron salansa alhali ta gaba ɓarnar take shiga.

Bai tsaya nan ba. Ya zaro sandar gwada baƙin mai, man ya koma kalar shayi mai madara. Aka juye, aka sa sabon mai da sabuwar filta, aka bar ta ta yi zafi na ɗan lokaci aka sake juyewa aka zuba wani, kusan lita 4 kowane zubi. Na ɗan yi ƙorafi a kan wannan don asara ce ina gani, ya ce ragowar ruwa a cikin mai shi ke cinye metal, wato ƙarafan da sassan inji ke juyawa a kansu, a hankali, gara galan biyu da sabon inji. Ya auna kwamfureshan na silinda huɗun da geji ya nuna min allurar da idona, duk sun yi kusa da juna. Man giya ya duba yana nan ja bai gauraya ba sai ya ce a bar shi, da wani ne da ya ce a canza ya ƙara kuɗi. Birkin baya ma sai da aka buɗe aka wanke laka.

Rewayansu shi ma ya san aiki. Ya bi soket-soket ya busar, ya fesa wa sensar iska maganin wanki, ya leƙa birenbos, wato kwamfutar motar, da ke bayan akwatin gaban fasinja ya ce ruwa bai kai can ba. Kafet kuwa sai da aka cire kujeru aka shanya shi a rana.

Abin da ya fi burge ni shi ne kayan gyara, bai karɓi kuɗina ya ce zai sayo ba, yaronsa ya haɗa ni da shi muka shiga kasuwa na saya da hannuna, tsofaffin kuma ya zuba min a leda ya sa a but. Kuɗin aikinsa da na rewaya a haɗe bai kai abin da na kashe a baƙin mai da filtoci ba.

Amma akwai inda suka gaza, kuma na faɗa masa. Ya ce kwana biyu, sai da motar ta yi huɗu, in ka kira sai a ce an kusa. Wajen babu inda mutum zai zauna, ga laka ko'ina da damina. Yaran sun bar min shatin baƙin mai a kujerar direba da jikin sitiyari, wannan ya ɓata min rai sosai don leda ɗaya da sun shimfiɗa ta wadatar. Rasit ma babu, a bayan kwalin filogi aka yi min lissafi. Sannan kwana biyu da karɓar motar fitilar cek ta kama, na koma a fusace, ashe wani soket ne bai gama bushewa ba, rewayan ya gyara ya goge da kwamfuta bai karɓi ko sisi ba, ogan ma har haƙuri ya ba ni.

In da maki ake bayarwa zan ba su huɗu cikin biyar, ɗayan jinkiri da ƙazantar kujera suka cinye shi. Yau sati uku ke nan, na je Zariya na dawo da ita, allurar zafi ba ta motsa daga inda ta saba ba kuma babu wani ƙara a injin. Warin danshi ne dai har yanzu yake ɗan tasowa in na kunna esi da safe, ya ce in kawo ta ranar Asabar a duba filtar esin.